Galan Biyu na Yashi

A makarantar da nake koyarwa, Randa suke ce mini. Ba a bayan idona ba, a gabana, har da shugaban makaranta. Ina taya su dariya, sai ranar da likita ta duba takardun gwajinmu, ni da matata, ta ce ƙiba ta yi mana yawa, ni kuma jinina ya fara hawa. Daga nan sunan ya daina ba ni dariya.

Likitar ta yi mana bayani dalla-dalla. Gudu ko tafiya da sauri, in ji ta, su ke ƙona abin da muka ci, su kuma ƙarfafa zuciya. Ɗaga nauyi kuwa shi ke riƙe tsoka, don in mutum ya rage ci yana gudu kawai, jiki ba kitse kaɗai zai cinye ba, har da nama. "Ku haɗa biyun," ta ce. Na gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki, amma kafin mu kai bakin titi na zubar da rabin maganar. Ni da digirina in tsaya ina ɗaga ƙarfe?

Abu ɗaya nake ɗagawa a duniya, shi ne Baba. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance a ɗakin da ke kusa da namu. Tsohon direban babbar mota ne, mutum mai faɗin ƙirji da jin kai. Kullum da safe ni ke ɗaga shi daga gado zuwa keke, daga keke zuwa kujerar roba a banɗaki, in yi masa wanka in mayar da shi. Tun ranar farko ya kafa mini sharaɗi: "Ban da kai, kada wanda ya ga jikina." Matata ko abinci za ta kai masa, sai ta yi sallama sau biyu, ta ajiye abincin, kanta a ƙasa, ta fito.

Na sayi sikeli na ajiye a ƙofar ɗaki. Da sassafe nakan huda babbar baƙar leda ta shara, in zura kaina, in ɗora riga a sama, in zaga filin ƙwallo sau goma sha biyu. Wani abokin aikina ne ya koya mini dabarar, wai kitse ne ke narkewa ya fito da gumi. Ina dawowa, kafin in sha ko ɗigon ruwa, sai in hau sikeli. Na daina karin kumallo, na yi sallama da nama da ƙwai. Abin da nake ci da yamma ko kyanwa ba zai ƙosar ba.

Matata kuwa tsofaffin galan biyu na man girki ta samo, ta cika su da yashi, ta ajiye a bayan gida kusa da igiyar shanya. Kwana uku a mako tana tsugunawa ta miƙe da su, sau goma, ta huta, ta sake. Sauran ranaku da ƙafa take zuwa shagonta na ɗinki, da sauri kamar an biyo ta. Abinci kuma tana cin abinta, ragewa kawai ta yi.

Cikin wata huɗu na zubar da kilo goma sha uku. Ita uku. Abin ya hau mini kai. Ranar da ƙannena suka zo gaida Baba, har tsakar falo na fito da sikelin, na hau, suka tafa mini.

"Maman yara, zo ki hau mu gani," na ce.

"A'a, Malam, ku dai ku yi."

"Ku rabu da ita," na ce wa ƙannena. "Ita dako take koyo. In akwai mai siminti da za a sauke, ya yi magana."

Aka kwashe da dariya. Ta yi ɗan murmushi, ta tattara kofuna ta wuce. Da za ta fita na ga ta kama ƙugun siket ɗinta da fil saboda ya yi mata yawa. Na gani sarai, na kau da kai.

A kwanakin nan ne na fara jin Baba yana yi mini nauyi. Har na tsokane shi: "Baba, ka ƙara ƙiba fa." Ya dubi damtsena da ya zama kamar muciya, ya ce, "Ni?"

Wata Talata ce cikin hutun makaranta. Yara sun tafi gidan ƙanwata, maƙwabta duk sun fita aiki. Na dawo daga gudu ina ganin jiri, amma sikeli ya ce na sake zubar da rabin kilo, don haka cikin murna, ina ta yin fito, na shiga wajen Baba. Na yi masa wanka, na goge masa jiki, na zura hannuwana ƙarƙashin hammatarsa kamar kullum, na ce, "Bismillah." Ya taso daga kujerar. A tsakanin kujera da keke ƙarfina ya ƙare, hannuwana suka saki. Baba ya zame a jikina, ya zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, bayansa a jikin bango.

Bai ji ciwo ba, Allah ya tsare. Na sunkuya na ja. Ko motsi bai yi ba. Na sake, bayana ya amsa. Na uku har sai da na ga duhu-duhu, na dafa bango ina haki.

"Kada ka kira ta," in ji Baba.

"Baba, sanyi zai kama ka."

"Na ce kada ka kira ta. Huta ka sake."

Na huta na sake. Leɓunansa sun fara karkarwa. Ban taɓa jin muryata ta yi ƙanƙanta kamar lokacin da na buɗe ƙofa na ce, "Maman yara, zo" ba.

Tana jin muryata ta gane. Ba ta shigo ba sai da ta cire zanen gado, ta miƙo mini shi ta gefen ƙofa fuskarta a juye. "Malam, rufe shi." Na lulluɓe shi daga wuya har ƙafa. Ta shigo idonta a ƙasa, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ni kuma ta ce mini, "Danne birkin keken, ka kama ƙafafunsa." Sannan ta ware ƙafafunta, ta tsuguna, bayanta a miƙe, daidai yadda na sha ganinta ta taga ina dariya. Ta rungumo shi ta cikin zanen, ta ja numfashi, ta miƙe. Baba ya sauka a kan keke. Ƙafafun da na kama, gaskiya riƙe su kawai na yi.

Idanunsa a rufe suke, amma hawaye ya sami hanya. Ranar bai ci komai ba, bango ya juya wa fuska har yamma. Ita kuwa ko gori ba ta yi mini ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Kunya ta hana ni zama a falo, ta hana ni shiga ɗaki.

Bayan la'asar na zagaya bayan gida. Na kama galan biyun na tsuguna. Na miƙe sau uku, a na huɗu na zauna a ƙasa daɓas. Ban san tana wajen shanya ba. Ta zo ta buɗe murfin ɗaya, ta zazzage rabin yashin, ta rufe ta tura mini.

"Fara da wannan," ta ce. "Kuma akwai ƙwai a tukunya."

Na ci ƙwan a tsaye, ban iya kallonta ba.

Washegari ban sa leda ba, ban hau sikeli ba. Na shiga ɗakin Baba na gaishe shi, na gyara keke, na naɗe hannun riga. Ya daɗe yana kallon damtsena. Mutumin da shekara biyu bai yarda ko inuwar wani ta gifta lokacin wankansa ba, sai ya yi ƙasa da murya.

"Ka ce mata ta tsaya a bakin ƙofa," ya ce. "Saboda tsaro."

Na juya zan kira ta, sai na hango ƙafafunta ta ƙarƙashin ƙofa. Tun ɗazu tana nan, da zanen gado a hannu.