Kaburburan da ke Cikin Kwamfuta

Elizabeth ta fara aikin buga takardu ne a shekarar da ma'aikatun gwamnati suka kwaso kayansu daga Legas zuwa Abuja. Ita kaɗai ce 'yar ƙasa a ofishin, 'yar Gbagyi daga wani ƙauye da ke bayan Gudu, kuma ita aka ɗora a kan kwamfuta ɗaya tilo da sashensu ya mallaka.

An riga an tashi ƙauyen nasu, an kai mutane sabon matsuguni. Kaburbura dai suna nan a kufai, ba su da wata alama sai duwatsu da bishiyoyi. Kakanta Zacharias kaɗai ya san wanda ke kwance a ƙarƙashin kowane dutse. Wata huɗu cur, duk Lahadi bayan an tashi coci, tana bin sa cikin ciyawa, yana nuni da sandarsa tana rubutawa: wane ɗan wane, taku goma sha biyu daga gindin ɗorawa, gabas da dutsen niƙa. Ran Litinin idan an fita cin abinci sai ta zauna ta buga a kwamfuta. Kabari ɗari da sittin da uku suka rubuta. Littafin da take rubutu a ciki ya jiƙe ya zama dunƙule ranar da iska ta yaye kwanon ɗakinta, amma ba ta damu sosai ba, tunda komai yana cikin na'ura. Ta so ta fitar da shi a takarda, sai dai firinta tana ɗakin ogansu Bernard, kullum tana cewa gobe za ta nemi izini.

A mako guda abubuwa uku suka faru. Kaka ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Aka kawo sanarwa cewa katafila za ta shiga kufan ran ashirin ga wata, duk mai son ɗauke ƙasusuwan danginsa ya ɗauke kafin nan. Sannan aka kwashe ofishinsu daga ginin wucin gadi zuwa sabon bene.

Ran Litinin ta jona kwamfutar a sabon ɗaki ta danna makunni. Ta ji wani ɗan ƙara kamar an taka busasshen kara, daga nan shiru. Fitila ba ta kama ba, fanka ba ta juya ba. Ta sake dannawa. Ta cire wayar ta mayar, ta canja soket, ta jona butar shayin oga a wurin don ta gani ko akwai wuta, butar ta ɗau zafi. Ta aro wayar wani injin ta gwada, duk ɗaya.

"Oga, kwamfuta ta ƙi tashi," ta ce da Bernard.

"Injiniyanmu yana Legas har yanzu, gidansa bai samu ba. Ki bari ya zo."

"Yaushe zai zo, oga?"

Ya ɗaga kafaɗa. Sai ta gaya masa abin da ke ciki. Ya daɗe yana kallonta, bai yi faɗan aikin gida da ta saka a kayan gwamnati ba. Ya ce ta nemo wanda ya san abin, amma shi bai gani ba, bai ji ba.

A kasuwar Gudu akwai Maharazu, mutumin Funtuwa mai gyaran rediyo da talabijin. Ya biyo ta da jakar kayan aikinsa, yana cewa shi fa sau biyu kawai ya taɓa buɗe irin wannan. Ya fara da fis ɗin filogi, ya ga lafiya lau. Ya gwada wayar da mitarsa, wuta tana wucewa. Da ya juya akwatin ya duba bayansa, sai ya nuna mata wani ɗan jan makunni kusa da inda waya ke shiga.

"Madam, kin ga wannan? Yana kan ɗari da goma. Wutarmu ɗari biyu da ashirin ce. Wajen ɗauko ta wani abu ya ture shi, ko wani ya taɓa."

"To a mayar da shi mana, Malam."

"Na mayar. Amma kin riga kin kunna."

Ya kwance murfin. Ƙaurin roba ya cika ɗakin. A cikin ƙaramin akwatin da ke raba wa na'urar wuta, wani gefe ya yi baƙi ƙirin. Ya nuna mata wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ya ce rubutunta yana nan ciki, amma ko wutar ta kai gare shi ko ba ta kai ba, ba mai sani sai an tayar da shi.

Kwana biyu yana zuwa. Ya ciro kayan wata tsohuwar talabijin ya liƙa da dalma a madadin waɗanda suka ƙone. A rana ta biyu da la'asar ya ce, "Bismillah," ya danna. Fankar ta juya, sau ɗaya ko biyu, Elizabeth ta miƙe tsaye. Sai wani siririn hayaƙi ya fito, fankar ta tsaya.

Maharazu ya goge hannunsa da tsumma. "Iyakar sanina ke nan. Sai an samo sabon akwatin wuta, kuma a garin nan babu. Idan akwai wata kwamfuta irinta, sai mu ɗauki ƙarfen nan mu gwada a can."

Akwai ɗaya a hawa na uku. Bernard da kansa ya hau ya roƙa, aka ce masa ba za a bar mutumin kasuwa ya kwance kayan gwamnati ba, kuma aka tambaye shi wa ya ba da izinin kwance tasu. Ya dawo fuskarsa a ɗaure, ya sa ta rubuta takardar neman kayan gyara daga Legas. Ya ce wata biyu, in an yi sauri. Washegari aka liƙa wa kwamfutar lamba aka kai ta sito.

Ta je wajen kakanta da sabon littafi. Ta zauna a bakin tabarmarsa tana kiran sunayen da take iya tunawa. Duk sunan da ta kira sai ya matse hannunta da hannunsa mai lafiya, bakinsa yana motsi, babu abin da ke fita sai yawu. Sunaye arba'in da wani abu ta tuna. Wuraren kuwa sun cuɗe a kanta, ɗorawa da tsamiya, gabas da arewa.

Ran sha tara ga wata dangi suka taru a kufai da fartanya da diga. Kowa ita yake kallo. Waɗanda suka binne nasu ba da daɗewa ba sun gane wurin da kansu, aka tono goma sha ɗaya. Gwaggonta Hansatu ta riƙo ta.

"'Yata, ina mamana take? Ina ƙarama aka binne ta, ban san wurin ba."

Elizabeth ta tuna ta buga sunan, har ta tuna layin yana ƙasan shafi. Taku bakwai daga tsamiya, ko goma sha bakwai. Aka haƙa a bakwai, aka haƙa a sha bakwai, jar ƙasa kawai da saiwa. Rana ta yi sanyi, mazan suka saɓa kayan haƙarsu. Gwaggo ta ɗebi ƙasa daga ramukan biyu ta ƙulle a bakin zanenta, ta kama hanya.

Kaka ya rasu da lokacin girbi ya shigo. Kayan gyaran bai zo daga Legas ba. Elizabeth ta ci gaba da leƙa sito duk ƙarshen wata, tana ganin akwatin a ƙarƙashin wasu labulaye, ko da yake a lokacin an riga an shimfiɗa kwalta a kan kufan. Wata rana ta je ba ta gan shi ba. Mai kula da siton ya duba takardarsa ya ce an kwashe shi tare da karyayyun kujeru, bai san inda motar ta nufa ba.