Rasit a Ƙarƙashin Dutsen Guga

Ranar da tayar motar ofis ta fashe a Wuse, Nababa direba bai tsaya jiran kowa ba. Ya kira matarsa Rahmatu, ya yi ta lallashi har ta turo masa dubu tamanin daga adashin da ta kwasa don sayen injin markaɗe. Ya sayi sabuwar taya. Sharaɗinta ɗaya ne, kuɗin su dawo kafin Juma'a, don mai injin ya ce daga ranar zai sayar wa wata.

A ofishinsu na Garki, Oga Thaddeus akanta ya ce ya kwantar da hankalinsa, za a yi masa rimbos. Shi kuwa Oga mutum ne mai koyarwa ko ba a tambaye shi ba, sai ya ƙara da cewa kalmar Turanci ce da ta samo asali daga tsohon sunan jakar kuɗi, wato a mayar wa jaka abin da aka cire mata. Rasit kawai zai kawo gobe.

Bayanin nan ya yi wa Nababa daɗi ba kaɗan ba. Ya koma gida Durumi baki har kunne, ya rataye riga, ya fita ya yi wa mai shayi lacca, ya yi wa mai faci, har akuyar maƙwabta sai da ta ji rimbos.

Da safe ya zaro rasit daga aljihu, ya tarar ya yamutse. Shekara ashirin yana aikin gwamnati, bai taɓa miƙa wa babba takarda a cukurkuɗe ba. Ya jona dutsen guga yana 'yar waƙarsa, ya danna. Ashe irin takardar nan ce mai santsi da na'ura ke fitarwa, ba ta shiri da zafi. Ta koma baƙa ƙirin kamar gindin tukunya.

Ya zauna daɓas, tsoro ya kama shi. Rahmatu ta leƙo, ta dubi takarda, ta dubi dutsen guga, ta dinga dariya har da riƙe ciki.

"Maman Zakiyya, dariya kike? Injinki fa na goge."

Ta share hawaye, ta miƙa masa wayarta. Ga hoton rasit nan tar, ta ɗauka tun jiya yana can wajen mai shayi.

"Baban Zakiyya, kai ka iya kalmar," in ji ta, tana yafa gyale za ta bi shi ofis, "amma ni ce jakar."