Gidan da Ba Shi da Ƙofar Titi

Da aka ce madatsar ruwa za ta cinye unguwar, sai aka turo ma'aikata da bokitin jan fenti. Duk ƙofar da ta kalli titi su shafa mata lamba, kowace lamba kuma gida guda ne a sabon matsuguni. Wai su nan masu ilimi!

To, wata mata da ake kira Mai Ɗinki ba ta da ƙofar titi. Tun rasuwar mijinta take zaune da 'ya'yanta uku can ƙuryar gidan yayan mijin, sai an ratsa tsakar gidansa ake isa wurinta. Da masu fenti suka tambaya, yayan miji ya ce, "Gida ɗaya ne," ya ci gaba da sakace haƙori. Ba mugu ba ne, tunanin ne bai zo masa ba. Sabon gidan kuwa ɗaki uku ne, shi da iyalinsa ma da ƙyar. Ina za ta sa yara? Kwana biyar ana ta shafa lamba, kunya ta hana ta kai kuka.

Ranar ƙarshe ta ƙidaya, hannun jakar wata ma'aikaciya ya tsinke, aka ce ta shiga daga ciki akwai mai keken ɗinki. Tana jiran ɗinki tana kallon murhu da randa da igiyar shanya.

"Baiwar Allah, wannan murhun na wa?"

"Nawa ne."

"Na tsakar gidan fa?"

"Na matar Yaya."

"Ashe tukunyarku daban. Lambarki nawa?"

Keke ya tsaya cak. "Ai ba ni da ƙofa, ranki ya daɗe."

Ma'aikaciyar ta dafe kai. "Kash, mun tafka kuskure! Iyali aka ce mu ƙirga, mu kuma muka bi ƙofofi. Ba mai tashin ki bai ba ki wurin zama ba. Haƙƙinki ne, ba alfarma ba."

Nan take ta zaro takarda ta ɗora a cinya. "Sunan mai gida?"

Mai Ɗinki ta fara faɗin sunan marigayi.

"Allah ya jiƙansa. Naki nake tambaya."

Ta faɗi sunanta. Daɗi ya rufe ta, ta kama hannun matar da hannu biyu tana hawaye. "Yadda kika rufa mini asiri, Allah ya rufa miki. Allah ya raya miki zuri'a."

"Amin, amin," in ji ma'aikaciyar tana dariya, idonta ita ma ya cika. "Amma sakar min hannun, ban gama rubuta ki ba."