Kaskon Ammu Inaki a Ƙanaɗir

Cikin Fatu na da wata uku, kuma tun da ya shiga ta ƙulla gaba da abinci. Shinkafa, a'a. Tuwo, a'a. Ko maƙwabta suka soya albasa a bene na uku, sai ta toshe hanci ta ruga banɗaki. Ranar da likita ta ɗora ta a ma'auni a wani asibiti na unguwar Abbasiya, ta ce kilo huɗu ta zubar, Lawali ya ji kamar daga jikinsa aka yanke su.

Lawali ɗalibi ne a Alƙahira, saura masa shekara biyu ya gama. Shekarar bara ya je Yawuri ya auro Fatu, ya sha wahalar takardu kamar ya yi kuka kafin ta iso ɗakinsu na unguwar Hayyin Ashir. To ga shi labarin rama ya kai kunnen Inna, mahaifiyarta, ita kuwa Inna ba ta magana biyu. Ta ce idan wata ya ƙare yarinyar ba ta fara ci ba, a sa mata ita a jirgi, ta dawo gida ta yi goyon cikinta. Lawali ya san abin da hakan ke nufi: haihuwa, wanka, yaye, wataƙila sai ya gama karatu zai sake ganinta. Saura kwana tara.

Ranar Asabar ya ce ta shirya su je shan iska Ƙanaɗir, ƙaramin garin nan na bakin Nilu inda kogin ke rabuwa biyu. Tunaninsa, 'yar masunta ce, ko ganin ruwa zai buɗe mata ciki. Suka shiga jirgin ruwa da hantsi. Ta ji daɗin tafiyar kuwa, har tana nuna masa masu jefa birgi tana cewa ba su iya ba. Amma da ya miƙa mata ayaba sai ta kau da kai.

"Na ƙoshi, Malam."

Wannan kalma ta ishe shi. Wata guda yana jin ta safe da yamma.

Bayan azahar suna bin wani lungu da ya gangara bakin ruwa, sai Fatu ta tsaya cak.

"Malam, busasshen kifi nake ji."

Ya kama hannunta zai janye ta kafin amai ya zo, sai ya ga ba ta toshe hanci ba. Bin ƙanshin ma take yi. Suka tarar da wata rumfa mai tebur uku. Wata dattijuwar Bamisriya mai suna Mahasin ta tarbe su, ta zauna abinta ta harɗe ƙafa. Mijinta ne a bakin murhu, wani tsohon Bature jajir, da ɗan zanen girki ɗaure a ƙugu, yana ta waƙa. Ammu Inaki ake ce masa, wato Baffa Inaki. Da Larabcinsa mai gargada ya ce shi mutumin ƙasar Bask ne, can arewacin Sifen, aikin gada ya kawo shi shekaru talatin da suka wuce, Mahasin ta hana shi komawa.

Lawali, ɗalibin fiƙihu, bai zauna ba sai da ya yi tambaya: babu alade? Babu giya?

Tsohon ya ɗaga yatsu huɗu. Kifin bakala mai gishiri da aka jiƙa kwana biyu, man zaitun, tafarnuwa, barkono. Khalas, shi ke nan. Ya ce a garinsu maza ke da ɗakin girkinsu, su taru su dafa, mace ba ta taɓa ko ludayi.

Lawali ya fassara wa Fatu, ya ƙara da nasa: "Kowa da kiwon da ya karɓe shi." Shi da tun da aka haife shi bai wuce dafa shayi ba.

Bai rufe baki ba tsohon ya yafito shi. Wuyan hannunsa na ciwo, in ji shi, kuma wannan miya ba ta son hutu. Ya sauke wani faffaɗan kaskon ƙasa daga wuta, kifi kwance cikin mai mai ɗumi, ya danƙa wa Lawali kunnuwansa biyu.

"Yalla ya ustaz. Juya."

Subhanallahi! Lawali ya waiga hagu da dama. Ƙanaɗir wurin yawon ɗalibai ne, idan wani ɗan Najeriya ya gifta ya gan shi da kasko, kafin la'asar labari ya kai unguwar ɗalibai ta Arba wa Nus, kafin Juma'a ya kai garinsu Gusau. Amma tsoho ya riga ya saki, in ya ƙi riƙewa kasko ya tafi ƙasa. Ya riƙe, ya hau girgiza shi da ƙarfi kamar mai tashin ɗalibi sallar asuba. Mai ya fantsama a jallabiyarsa, kifi ya kife.

Sai ya ji dariya a bayansa. Fatu ce, har da riƙe ciki. Rabon da ya ji wannan dariyar tun kafin laulayi.

"Haba Malam! Faɗa kake yi da shi? Kawo nan."

Ta miƙe, Ammu Inaki ya tare ta da cokali. A'a, madam ta zauna. Baki dai an yarda, hannu ba a yarda ba. Mahasin ta jawo ta ta zaunar kusa da ita tana cewa ma'alish, a yi haƙuri, haka yake, shekara talatin ba ta ci nasara a kansa ba.

Fatu ta kalli yadda tsohon ke kwatantawa da hannu, nan take ta gane.

"Ai tankaɗe ne. Malam, ka taɓa ganin ana tankaɗe da faifai? Kada ka ɗaga shi. Bar gindinsa a kan tebur, ka riƙa kewayawa a hankali. A hankali na ce! Kafaɗarka ta huta, wuyan hannu ke aiki."

Yau ga Malam ya zama ɗalibi. Ya bi umarni, gumi na bin gemunsa, tsoho na ɗiga mai kaɗan-kaɗan, Fatu na gyara masa kamar mai koya wa yaro alif. Minti goma, sha biyar. Yana shirin cewa wasa ake da hankalinsa, sai ya ga man ya fara canza kama. Ya yi fari, ya yi kauri, ya kama jikin kifin kamar kindirmo. Ba gari, ba kuka, ba kuɓewa, mai kawai da abin da fatar kifi ta saki.

"Ikon Allah," in ji Lawali. Ya manta da 'yan Najeriya masu giftawa.

"Pil-pil," in ji tsoho yana buga ƙirji. Sunan abincin ke nan.

Ya zuba a faranti, ya ɗora soyayyar tafarnuwa da barkono a kai, ya ajiye gaban Fatu da gurasa mai zafi. Mutum uku suka zuba mata ido. Ita kuwa 'yar Yawuri, a ce ta buɗe baki ta ci abinci gaban baƙi, ga miji tsaye? Ta sunkuyar da kai.

"Na ƙoshi."

Ammu Inaki ya tambayi abin da ta ce, Lawali ya fassara da sanyin jiki. Bature bai san kara ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce tamam, ba dole, ya ɗauke faranti ya nufi wani tebur da shi.

Lawali na kallon matarsa, sai ya ga idonta ya bi farantin, har ta haɗiye yawu. Nan take ya gane. Wata guda yana jin "na ƙoshi" ta ciwo, wannan kuwa ta kunya ce, irin wadda ake so a ce haba daure dai.

"Ammu! Tsaya, don Allah!"

Ya karɓo farantin da hannu biyu. Ya roƙi Mahasin ta ja mijinta ciki, ya juya wa Fatu kujera ta fuskanci kogi, shi ma ya ba ta baya ya tsaya yana ƙirga jiragen ruwa kamar an ba shi aikin. Bai waiga ba. Kunnensa kawai ya bari a wurin. Ya ji an gutsuri gurasa. Shiru. Aka sake gutsura. Ya jira ƙarar kujera da gudu, bai ji ba. Can sai muryarta, ƙasa-ƙasa:

"Malam, akwai saura a kaskon?"

Wallahi sai da ya share ido da hannun riga kafin ya je ya kankaro mata.

A jirgin komawa, da kaskon ƙasa sabo a cinyarsa da ƙunshin bakala da Mahasin ta cusa musu, Fatu ta kira Yawuri. Yana jin muryar Inna tana fita daga wayar.

"Kin ci? Da gaske? Faranti biyu? Wa ya dafa miki?"

Fatu ta dubi mijinta. Ba za ta tona shi gaban suruka ba. Lawali, wanda bai taɓa haɗa jimla uku da Inna ba don kunya, ya miƙa hannu ya karɓi wayar, ya rusuna a kujerarsa kamar tana ganinsa, ya gaishe ta.

"Ni na dafa, Inna. Kuma ni zan riƙa dafawa har ta sauka."

Ya ƙara manna wayar a kunnensa. Sannan ya ji tsohuwa ta ja numfashi.

"To, Allah ya yi maka albarka. Ta yi zamanta a wurinka."