Mil Tara Kafin Rafin

Kwana goma sha ɗaya ke nan suna kan keke, su goma sha shida, duk matasan ƙabilar Cherokee ta 'yan asalin ƙasar, suna bin hanyar da sojoji suka koro kakanninsu a zamanin da, daga jihar Georgia zuwa Oklahoma. Kwana uku daga ciki Dena Kingfisher ta yi tana ɓoye gwiwarta. Ta kumbura suntum, amma ta ɗaure ta, ta zura dogon wando a wannan zafin na jihar Missouri, wai ita mai dabara.

Dokar tafiyar kuwa ba sani ba sabo: wanda ya ji ciwo, a ɗora kekensa a bayan motar da ke musu rakiya, shi ma ya shiga. Ga shi yau ce ranar Dena. Mil tara a gaba, a bakin wani rafi, aka binne Ayoka, tushen zuriyarsu ta wajen uwa. Dena ta rantse da ƙafarta za ta isa.

A tudu na uku ƙafar ta ce ba ta san zancen ba. Keken ya yi tangal-tangal ya zubar da ita a bakin kwalta, wata motar katako ta wuce fuu, tsakaninta da kan Dena bai kai taku ɗaya ba. Tsoro ya kama kowa.

Kawu Wiley, jagoransu, wanda ya binciko wa kowannensu asalinsa, ya durƙusa ya ɗage wandon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yafito direban motar rakiyar.

Dena ta riƙe keken gam, hawaye na zuba. "Kawu, kakanninmu wa ya ba su mota? A ƙasa suka zo, cikin ƙanƙara."

"Wa ya gaya miki duk a ƙasa suka zo, sarkin taurin kai?"

Ya ce akwai amalanken marasa lafiya da ƙananan yara. Ranar da zazzaɓi ya kama Ayoka, wurin mutum ɗaya ya rage. Sai ta ɗora 'yarta mai shekara huɗu, ita kuma ta ci gaba da takawa har rafin can, inda ta kwanta ba ta tashi ba.

"Yarinyar cikin amalanken ce ta isa Oklahoma. Daga jikinta kika fito."

A hankali Dena ta saki keken, ta miƙa masa hannu ya ɗaga ta.

"Kawu, in mun kusa rafin, ka ce wa direba ya rage gudu."