Taragon Kaji

Ranar da aka buɗe taragon cin abinci bayan an gama gyaransa, kowa a gidan tarihin jiragen ƙasa bakinsa har kunne, ban da mace ɗaya. Ita ce ake kira Inna Tela, don ita ta ɗinke rigunan kujerun taragon kaf, har da labulen tagogi. Tana tsaye bayan teburin shayi tana zuba wa baƙi, tana murmushin dole.

Ba baƙin ciki take da aikin ba, Allah ya kiyaye. Mijinta take ji wa tsoro. Tsohon makanikin jirgin ƙasa ne, abokan aiki suna ce masa Guduma, don ko ɗaurin aure zai je sai ya soke 'yar gudumarsa a aljihu. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida ya zauna a kujerar falo, ya ƙi tashi. Ba ciwo, ba faɗa, ba magana. A kawo abinci ya tsakura ya ture. Jikoki su hau jikinsa su sauka, ko tari bai yi ba. Mutumin da a da maƙwabta ke jin muryarsa tun daga bakin layi, sai ga shi ya koma kallon bango. Likita ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau. Ita kuwa ta san mutuwa yake yi a zaune, sannu a hankali, a gaban idonta.

Aikin sa-kai na gidan tarihin nan ne ya dawo mata da shi. Ita ta ja shi da ƙyar, da sunan ya raka ta kai labule. Yana shiga rumfar gyara ya tarar da wasu tsofaffin ma'aikata suna kokawa da wani noti da ya yi tsatsa, sai ya ce, “Kai, kai, wa ya koya muku riƙon sifana haka?” Shi ke nan. Tun daga ranar yake fita da sassafe, ya dawo hannu baƙi ƙirin da giris, ya cinye abin da ke kwano ya nemi ƙari, ya cika mata kunne da zagin masu waldar zamani. Wallahi zagin nan ya fi mata kowane kiɗa daɗi.

To yau aiki ya ƙare. Taragon cin abincin shi ne na ƙarshe a rumfar. Gidauniyar da ake kafawa yau ma ta yi wa rumfar rufin kwano ce, kuma 'yan kwangila za a ba wa. Daga gobe babu sauran abin kwancewa, babu na ɗaurewa. Ɗazu da safe ta gan shi yana goge sifanoninsa ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a akwati, bai ce uffan ba, kuma ta gane irin wannan shirun.

Taro kam ya yi kyau. Yara na layi don a ɗauke su hoto da hular gadin jirgi, iyaye na zama a sababbin kujeru suna shafa yadin, ana ta zagayawa da gwangwanin taimako. Shugabar masu aikin sa-kai, wata tsohuwar hedimistires mai murya kamar ƙararrawa, tana riƙe da lasifika tana gode wa duk wanda ya sa hannu a aljihu.

Ana cikin haka sai wari ya riga sanarwa isowa. Mutane suka fara toshe hanci suna waige-waige. Wata tirela ce ta shigo harabar da baya da baya, ɗauke da wani abu da sai an yi masa kara za a kira shi tarago. Rufinsa ya lotsa, gara ta ci katakon gefe, an toshe tagoginsa da ragar waya, ga gashin kaji na tashi duk inda iska ta taɓa. Wani gajeren mutum ya diro daga gaban motar yana washe baki.

“Ranki ya daɗe,” ya ce wa shugaba, “ni kiwon kaji nake yi, kuɗi a hannu ba ni da su. Amma na ji a rediyo kuna neman taimako. Wannan mahaifina ya saye shi a gwanjo tun ina goye, kajinmu suka gaje shi. Yanzu na gina musu sabon ɗaki. Na ce maimakon in ba masu sayen tsohon ƙarfe su yayyanka, gara in kawo shi cikin 'yan'uwansa.”

Wani ya tuntsire da dariya, wani ya ce an kawo musu gudummawar taki. Shugaba ta sauke lasifika, ta yi godiya irin ta wanda aka ba kyautar kunama. Ta ce wuri ya yi musu kaɗan, kuma abin da ake tarawa na rufi ne. Amma da yake mace ce mai adalci, sai ta ce ba za ta yanke hukunci ba sai babban makaniki, wato Guduma, ya gani. In ya ce zai gyaru, a sauke. In ya ce a'a, a mayar.

Inna Tela ta ajiye butar shayi ba ta ma san ta ajiye ba. Tun da take ba ta taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ruɓaɓɓen akurkin ba. Aiki ne jibge a kan tirela, aikin da zai ci shekaru!

Guduma ya fito cikin fararen kayansa na taro, ya zagaya tirelar hannu a baya. Ya leƙa ta wata ɓula, ya ja da baya.

“Wannan gawa ce,” ya ce. “A kai ta makwancinta.”

Ya juya ya nufi rumfar gyara. Mai kaji ya sunkuyar da kai, direba ya buɗe ƙofar mota. Inna Tela ta tattare zaninta ta bi bayan mijinta, ta cim masa a bakin rumfar inda babu kowa.

“Gaskiyarka, baban yara,” ta ce tana haki. “A shekarunka ai wannan ya fi ƙarfinka. Sai dai yaran zamani masu walda.”

Ya dube ta a kaikaice. “Ke, da furfurata za ki yi min wannan tsohuwar dabarar? Tun muna gidan haya na san ta.”

Kunya ta kama ta, sai kuma haushi ya ture kunyar. Tunda dabara ta ƙi, ta fito masa a mutum.

“To ji gaskiya. Tsoro nake ji. In ka ɗauki akwatin nan ka koma gida, zama za ka yi, zaman da ka yi a da. Ni na ga wancan zaman, kai ba ka gan shi ba. Ina kwana ina kasa kunne in ji ko kana numfashi. Ba zan iya sake wannan ba, wallahi ba zan iya ba.”

Ya dubi akwatin sifanonin. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa.

“Ba gyaruwa ne ba zai yi ba, uwar yara. Zai gyaru. Amma aikin mai tsawo ne, ni kuwa kin ga inda rana ta kai. Ba na son in kwance abu in bar wa wasu shi a warwatse.”

“Wanda ya ƙera shi yana nan ne? Ai shi ma barinsa ya yi ya tafi. Ka kwance, in Allah ya ba ka kwana ka ɗaure. In bai ba ka ba, ka koya wa na bayanka inda kowane noti yake. Mene ne amfanin bakin nan naka?”

Injin tirela ya tashi a waje. Guduma ya yi tsaki, irin dogon tsakin da ta sani, ya wuce ta fuu kamar ita ta yi masa laifi.

“Kai direba! Kashe motar nan!”

Ya zaro 'yar gudumarsa, ya ɗare bayan tirelar da taimakon mai kaji, ya ƙwanƙwasa ƙafar taragon ta farko. Ƙarfen ya amsa da ƙara mai tsawo, garau. Ya bi sauran yana bugawa yana kasa kunne. Kafin a ankara ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashi, da fararen kayan da ta kwana biyu tana wa guga.

“Innalillahi!” muryarsa ta fito daga can ciki. “Wane mara tsoron Allah ne ya ɗaure birki da wayar shanya? Mai kaji, kai ne ko babanka?”

“Babana ne, Allah ya jiƙansa.”

“Amin, amma ya cuci ƙarfe! A sauke shi a layin baya, a hankali. Kada wanda ya sa masa sarƙa sai na fito. Katakon nan duk sai an sake, rufin ma haka. Ku da hutu kuma sai wani ikon Allah, ina gaya muku!”

Tsofaffin rumfar suka dafe kai suna salati, amma tuni biyu daga cikinsu suka fara naɗe hannun riga. Yara suka watsar da hular gadi suka yo wajen tirela. Mai kaji sai godiya yake yi kamar shi aka yi wa kyauta.

Inna Tela ta samu wani benci ta zauna. Wani nauyi da ta kwana ta tashi da shi tun da aka fara shafa fentin ƙarshe ya sauka daga ƙirjinta, har ta ji iska na shiga ko'ina, da warin kajin da komai. Daɗi ya kama ta, hawaye suka zubo, ta bar su.

Shugaba ta zo ta zauna kusa da ita, ta ga hawayen, ta kama hannunta cike da tausayi.

“Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Kin sa rai yau za mu sallamar miki da shi ya huta, ga shi mun sake ƙwace miki miji.”

Inna Tela ta share ido da bakin mayafi, tana dariya tana kuka.

“Ku riƙe shi,” ta ce. “Don girman Allah ku riƙe shi da kyau.”