Ranar da Kaka Ya Ga Ƙwallonsa

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai, irin wadda ake samu a bayan kujera da littafi idan an yi baƙi. Ban taɓa rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba, kuma wasan golf ɗin da zan yi magana a kai ban iya ko riƙe sandarsa ba. Amma na ga wani abu da idona, ya ƙi barin ƙirjina, kuma a gidanmu babu mai haƙurin saurarona har ƙarshe saboda yawan inda-inda da nake yi. Shi ya sa na yi ƙarfin hali.

Kakana tsohon alƙali ne. Tun da ya ajiye aiki, kakata kuma ta rasu, abu ɗaya ya rage da ke sa shi aske gemu da sassafe yana waƙa a banɗaki: wasan ranar Asabar da amininsa Kyaftin, wanda tsohon matuƙin jirgin sama ne. A da su uku ne. Na ukun, wani mai sayar da magani, Kaka ya taɓa ganinsa ya tura ƙwallo da ƙafa daga cikin ciyawa, tazarar da ba ta kai taki ɗaya ba. Bai yi masa faɗa ba. Ya dai ɗauki jakarsa ya tafi, kuma har mutumin ya bar duniya ba su sake wasa tare ba. A gidanmu kowa ya san wannan labarin, domin da shi ake tsorata mu idan muka yi ƙarya.

Idon Kaka ya daɗe yana ja da baya. Da farko jarida ce ta riƙa yin nisa da fuskarsa har hannunsa ya ƙare. Aka yi masa tabarau mai hawa biyu, sama na hangen nesa, ƙasa na karatu. A falo ya yi masa daidai. A fili kuwa, idan ya sunkuya zai buga, sai ya kalli ƙwallon ta ɓangaren karatu, ta riƙa yi masa iyo, ya daki ƙasa ya tashi ciyawa. Ya koma tabarau na nesa zalla, ya gwada mai ruwan ƙasa-ƙasa don hasken rana, duk suna nan a aljihun tebur kamar kayan kanti. Kyaftin ne ya kawo masa ƙwallaye masu launin rawaya, ya ce sun fi farare fitowa. Suka taimaka a kusa. Amma da zarar ƙwallo ta tashi sama, Kaka ya ce sai ta narke masa cikin hazo.

"To yaya kake gane inda ta faɗi?" na tambaye shi.

"Farfesa, ina da Kyaftin," in ji shi. Farfesa yake kirana saboda kaurin tabarauna. "Mutumin da ya yi shekaru yana hango filin sauka daga cikin gajimare? Ni in buga, shi ya duba. Tunda muka fara haka ko ƙwallo ɗaya ban ɓatar ba."

Da Umma ta gaji da ganinsa yana zuba shayi a gefen kofi, ta sa ni raka shi asibitin ido, wai ni ce zan riƙe abin da aka faɗa. Likitar ta haska masa fitila, ta ce yanar ido ce ta rufe masa gani, kuma tabarau ya gama iyakar abin da zai iya. Za a cire abin da ya dushe a ciki a sa na roba, ido ɗaya tukuna, daga baya ɗayan. Sannan ta ce, "Baba, akwai zaɓi. Akwai wanda zai ba ka nesa, ka riƙa sa tabarau wajen karatu. Akwai na kusa. Akwai kuma mai haɗa biyun, sai dai wasu kan yi ƙorafin fitilu suna yi musu zobe."

"Na nesa," in ji Kaka, tun ba ta rufe baki ba.

Na riƙe baki. Ni da za a ba ni wannan zaɓin, na kusa zan ɗauka in rungume littattafaina, duniya ta je ta yi ta dushewarta. A mota na ce masa, "Kaka, jaridarka fa?"

"Ke za ki karanta mini, me ake biyan kuɗin makarantarki a kai? Ni so nake in ga ƙwallona a sama ko da sau ɗaya ne kafin a kira ni."

Ya hana kowa gaya wa Kyaftin. Ya ce a ce masa ciwon baya ne. Nufinsa ya koma fili da sababbin idanu ya lallasa shi ba zato. Makonni muka yi ina ɗiga masa magani yana ce mini muguwa, yana kuma gano abubuwa: cewa labulen falo shuɗi ne ba toka-toka ba, cewa Umma ta yi furfura, cewa ni ashe ba ni da laifi a fuska, zai sake tunani a kan maganar sakin da yake yi mini kullum.

Ranar da likita ta sake shi, Umma ta ce ba zai ja keken jakar sandunansa da kansa ba. Haka na tsinci kaina a filin golf da safe, raɓa tana jiƙa mini takalmi, littafi a aljihu ko da za a samu sarari.

Ban san akwai wuri irin wannan a garinmu ba. Ciyawa a shimfiɗe kamar an goge ta da dutsen guga, shiru har kana jin tsuntsu yana sauka a reshe. Kaka ya tsaya ya daɗe yana kallo ta bayan baƙin tabaraun da likita ta ce ya riƙa sawa a rana.

"Mai Shari'a! Na ce ko an binne ka ne ba a gaya mini ba?"

Kyaftin ke nan, dogo, a miƙe kamar sanda, hularsa fara tas. Suka tafa.

"Bayan ya warke?"

"Ya warke. Kai dai ka shirya kunya."

"Wace ce wannan ka ɗauko? Sabuwar amarya?"

"Tsohuwa ce, ta ƙi fita."

Na gaishe shi a sunkuye. Ya amsa da fara'a, amma na lura kafaɗata yake kallo, ba fuskata ba. Na ɗauka haka manya ke yi.

Ramin farko da za a jefa ƙwallo ciki ba shi da nisa. Daga inda ake bugawa akwai tafki a hagu, sai ramin yashi, sai wani fili mai laushi da tuta a tsakiyarsa, a ƙarƙashin tutar ramin yake. Kaka ya kafa ɗan tsinkensa, ya ɗora rawayar ƙwallo, ya gyara tsayuwa. Ya ɗaga sanda a hankali kamar mai tsoron tashin jariri, sannan ya sauke.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Ƙara ce 'yar ƙarama, tsaf, sai ƙwallon ta tashi ta yi ta hawa, rana ta kama ta har ta zama kamar ɗigon wuta. Ta tsaya a can sama kamar tana shawara, sannan ta sauko ta dira bayan yashi, ta yi tsalle, ta gangara ta kwanta kusa da tuta, kusan a inuwarta. Na ji Kaka ya ja numfashi. Leɓensa yana rawa. Tsohon da ban taɓa ganin ya girgiza ba, har a ranar jana'izar kakata.

Ya buɗe baki zai yi magana, sai Kyaftin ya riga shi.

"Ta ɗan gaza, Mai Shari'a. Tana gaban yashi, ta dama. Ba laifi ga mai ciwon baya."

Kaka ya rufe bakinsa.

Kyaftin ya buga tasa. Ta karkata hagu, ta faɗa tafki, na ga ruwan ya yi zobe. Shi kuwa ya kare ido da tafin hannu ya gyaɗa kai. "Tawa ma tana nan wajen taka. Bari in yi gaba, ku taho a hankali da bayan nan naka."

Ya yi gaba da dogayen ƙafafunsa. Muna tsaye muna kallo ya isa gaban yashi, ya ɗan juya mana baya, hannunsa ya shiga aljihu. Rawaya ɗaya ta faɗo a ciyawa. Ya yi taku kaɗan, fara ta faɗo. Ya ɗaga sanda sama. "Ga su nan!"

Na tuna mai sayar da magani da takinsa ɗaya. Na kalli Kaka, na ga fuskar da na sani a tsofaffin hotunansa na kotu. Hannunsa ya kai kan jakar, na ce shi ke nan, gida za mu, Asabar ta mutu.

"Farfesa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Da na buga, ina yake kallo?"

Na yi tunani. Na tuna na waiwaya don in ga ko shi ma ya yi mamaki. "Wajen bishiyoyin can, Kaka. Ƙwallon tana nan, shi yana kallon can."

"Tawa da ya ajiye, da tasa, wacce ta fi kusa da tuta?"

Na gyara tabarau. "Taka."

Sannan ya saki jakar. "Ja mu je."

Da muka isa, Kyaftin ya nuna rawayar da kan sanda. "Bismillah. Ka yi a hankali da yashin."

"Wannan ba tawa ba ce."

"Kamar yaya? Rawaya ce fa."

"Rawaya ce. Daga kwalin da ka raba biyu ka ba ni rabi." Kaka ya cire baƙin tabarau ya ninke. "Ba baya ba ne, Kyaftin. Ido aka yi mini. Ina ganin maɓallin rigarka, na uku ya kusa tsinkewa."

Na so ƙasa ta buɗe in shige. Kyaftin bai motsa ba. Sai kafaɗunsa suka sauko a hankali, ya koma tsoho a gabana.

"Tun yaushe?" in ji Kaka.

"An kwana biyu," in ji Kyaftin. "Gefe-gefe ina gani. Tsakiyar ce kamar an shafa mai. Kai ka ce ni ne idonka, a gaban kowa kake faɗa. Da wane baki zan ce maka madogarar taka ma ta karye? Da ka daina zuwa. Ni kuma in zauna a gida in yi me?"

"Likita fa?"

"Likita ne ya sauke ni daga jirgi. Ban sake taka wurinsu ba." Ya sunkuya ya lalubi farar ƙwallonsa. "Na san dokarka. Ba sai ka faɗa ba, zan tafi da ƙafata."

Kaka ya kama shi a gwiwar hannu. Ya ja shi suka zagaye yashin, suka hau filin mai laushi, ni ina biye da keke yana ƙara. A gindin tuta ya tsayar da shi. Kyaftin ya durƙusa, ya karkatar da kai gefe yadda zai gani, ya miƙa hannu ya auna daga ƙwallon zuwa rami. Bai kai kamu biyu ba.

"Kai ka buga wannan?"

"Ni na buga. Kuma Allah kaɗai ya san irinta nawa ka bar wa masu yankan ciyawa, kana ajiye mini a gaban yashi. Azzalumi. Ashe na iya wasa ban sani ba."

Wata irin dariya ta ƙwace wa Kyaftin, rabinta kuka. Ya goge fuska da hula.

"Tashi a yanke maka hukunci," in ji Kaka. "Na ɗaya, aljihun nan a zazzage shi. Na biyu, taka tana cikin tafki, na gan ta da idona, an ci ka tarar bugu ɗaya. Na uku, Litinin zan zo in ɗauke ka mu je wurin likitata. Ban ce za ta iya naka ba, nata ne ta faɗa. Amma za ka je."

"In na ƙi fa?"

"In ɗaukaka ƙara wurin matarka."

Suka koma bakin tafki. Kyaftin ya zazzage aljihu, ƙwallaye suka zubo rawaya da farare, har da mamakin yadda wando ɗaya ya ɗauke su. Ya saki guda a ƙasa. Kaka ya tsaya a bayansa, ya kama kafaɗunsa ya ɗan juya shi kamar mai saita agogon bango.

"Tuta tana daidai hancinka. Buga, ni zan duba."

Ya buga. Kaka ya ɗaga kai, ya fara magana da ƙarfi, yadda ban taɓa jin ya yi ba. "Ta tashi. Tana hawa, tana hawa. Ta wuce yashi. Iska na tura ta dama kaɗan. Tana saukowa, Kyaftin, tana saukowa. Ta sauka!"

Kyaftin yana tsaye idonsa a rufe, sanda a kafaɗa, fuskarsa a sama, yana bin ƙwallon da kunne.

"Lafiya ta sauka?"

"Lafiya lau. Ta dai wuce rami da nisa, hannunka har yanzu na makaniki ne."

"Ƙarya kake."

"Ni? Zo ka taka da ƙafarka."

Suka tafi, hannun Kaka a gwiwar hannunsa, suna musu a kan ko tarar bugu ɗaya ce ko biyu. Na ga Kyaftin ya miƙo ɗayan hannun baya ya kamo keken jakar ba tare da ya waiwaya ba, kamar yadda ya saba yi kafin a san da ni. Na sakar masa. Na ja da baya a hankali, na bi ta bayan bishiyoyi zuwa inda muka ajiye mota, takalmina a jiƙe, littafin da na zo da shi ko buɗe shi ban yi ba. Har na kai kwana ina jiyo muryoyinsu, kuma babu wanda ya kira Farfesa.